Zafin Shikago Da Tsofaffin Da Suka Mutu Su Kaɗai

 Yau Amurka za mu je, birnin Shikago, shekarar 1995.

A tsakiyar watan Yulin shekarar zafi ya sauka a birnin, har ma'auni ya kai digiri 41. Na san wani ɗan Sakkwato zai ce ai wannan ba komai ba ne. To amma cikin mako ɗaya mutum sama da 700 suka rasu. Ɗakin ajiye gawa ya cika, sai da aka kawo manyan motoci masu sanyi aka riƙa ajiye gawarwaki a ciki.

Wani masanin zamantakewa mai suna Eric Klinenberg, wanda yanzu farfesa ne a Jami'ar New York, ya shafe shekaru yana bin diddigin lamarin, ya fitar da littafinsa Heat Wave a 2002. Tambayarsa ita ce: su wane ne suka mutu, kuma me ya sa su?

Akasarinsu tsofaffi ne, talakawa, masu zama su kaɗai. An riƙa tarar da su a ɗaki, ƙofa a kulle, taga a rufe. Wasu tsoron ɓarayi ne ya hana su buɗe tagar. Kuma haɗarin ya fi yawa ga maza, domin mata sun fi riƙe zumunci idan girma ya zo.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwatancen da ya yi na unguwanni biyu masu maƙwabtaka, North Lawndale da Little Village. Duka biyun akwai talauci, akwai tsofaffi masu zaman kaɗaici, zafin ma ɗaya ne. Amma idan aka auna da yawan jama'a, mutuwar da aka yi a ta farko ta ninka ta biyun kusan sau 10.

Me ya jawo? A North Lawndale masana'antu sun rufe, mutane sun watse, shaguna sun mutu, sai kangaye. Tsoho ba shi da inda zai je, ga tsoron fita. Little Village kuwa, inda 'yan asalin Meziko suka fi yawa, titi cike yake da shaguna da masu talla. Tsoho zai fito ya sayi burodi, ya shiga shago mai sanyi ya huta. Idan mai shago bai gan shi ba kwana biyu, zai tambaya.

Kun ga ke nan, ba halin kirki kaɗai ke kawo zumunci ba, sai da wurin haɗuwa.

Da zafi ya dawo a 1999, hukumomin birnin suka buɗe wuraren shan sanyi, suka riƙa buga wa tsofaffi waya, suna bi gida-gida. Mutuwar ta ragu sosai.

Mu ma muna da namu zafin na Afrilu da Mayu, ga rashin wuta. Muna kuma da masallaci da majalisa da teburin mai shayi, inda ake gane wanda bai fito ba. To jama'a, wane dattijo ne a layinku wanda 'ya'yansa suka tafi neman kuɗi? Idan ba ku gan shi a sallar Asuba ba, kada ku jira Azahar. Ku ƙwanƙwasa ƙofa, ku tafi da ruwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu ikon kula da iyayenmu.