SHIN TSARI KAƊAI YANA GINA AL'UMMA TA GARI?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa (SAW). Bayan haka, ya 'yan'uwa, tambayar da ke gabanmu a yau ita ce: shin mutane za su iya zana al'umma ta gari a takarda, sa'an nan su tashi su gina ta kamar yadda magini yake gina ɗaki?

Wannan buri daɗaɗɗe ne. Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 950 Miladiyya, ya sifanta birni mafifici a littafinsa, amma birnin bai taɓa fitowa daga cikin littafin ba. Tarayyar Sobiyet kuwa ta nemi gina tata al'ummar da ƙarfin hukuma, ta wargaje a 1991.

Darasi mafi kusa da mu yana cikin tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu ya yi kimanin shekara 30 yana karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Jama'arsa tana da malamai, tana da littattafai, manufarta kuma a fili take. Duk da haka, a wajajen 1807, ƙanensa Malam Abdullahi ya ga son ganima da kwaɗayin mulki sun yawaita cikin rundunar, har ya bar ta ya nufi gabas da niyyar zuwa Hijaz. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa Shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma wajen Shehu.

Abu biyu muke fahimta a nan. Na farko, tsari wajibi ne, domin mutanen Kano sun sami iko amma sai da suka nemi jagora a rubuce. Na biyu, tsari ba ya gyara zuciya. Alƙali mai kwaɗayi zai karɓi rashawa ko da littafin hukunci yana buɗe a gabansa.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, mu tsara makarantu da kotuna da baitulmali gwargwadon iyawarmu, amma mu fifita tarbiyyar waɗanda za su riƙe su. Mu kuma bar ƙofar nasiha a buɗe, domin Malam Abdullahi 'yan'uwansa ya yi wa gyara, a lokacin da suke cikin nasara.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.