Lungun kowa ne, amma wa zai biya in ya yi ɓarna?

Iyayenmu, yayyenmu da 'yan uwana matasan Bande.

Babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa garin nan zuwa Magarya tana da mai ita, ta gwamnati ce. Yau maganarmu a kan ƙananan ne: lungun da gida biyar ko goma suke bi, da turbar da ke kai mu fadama, wadda amalanke ke fito da rake ta cikinta. Kowa na bi, ba mai gyara. Sai ranar da ruwa ya kwanta ya ci katangar wani, ko ɗan kabu-kabu ya faɗa ramin da aka haƙa don buga tubali, sannan a fara tambayar laifin wa.

Kun tuna daminar 2024. A watan Satumba tsohon masallacin Birni a Zinder ya rushe saboda ruwa. In ginin da ya haura shekara ɗari ya faɗi, ina ga katangar ƙasa wadda indararon maƙwabci ke zuba a gindinta?

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 1382 na dokar farar hula ya ce wanda laifinsa ya jawo wa wani asara, shi zai biya. Amma in mutum goma suka bar kwata ta toshe, wa za ka kama? Nan zumunci ke lalacewa, a yi ta jeka-ka-dawo gaban mai gari.

A Kanada da arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe hanya, maƙwabtan da suka haɗa hanya sukan rubuta yarjejeniya: wa zai kwashe, wa zai biya, nawa. Mu rairayi da ruwa ne namu. Ga abin da muke roƙon kowane lungu ya yi kafin damina.

Na ɗaya, a zauna a rubuta. Faɗin hanyar, gidajen da ke cikinta, inda ruwa zai bi. A sa hannu gaban mai gari. In turbar gona ce, a kai kwafi ga kwamitin filaye, Cofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Na biyu, asusu. Ko dala ashirin ce a wata, a riƙa rubutawa a littafi. Mai amalanke ko motar kaya ya fi mai tafiya a ƙasa cin hanya, don haka kasonsa ya fi.

Na uku, gayya a watan Mayu: a yashe kwata, a kwashe rairayi, a cike ramuka, a ɗauki hoto da waya a ajiye shaida.

Na huɗu, wanda ya haƙa rami ko ya jibge tubali a hanya, ya sa alama, a yanka masa kwanakin kwashewa. In ya wuce, abin da ya faru a wuyansa.

Matasa, mu ne muka iya rubutu. Kowa ya koma lungunsu ya nemi dattijo ɗaya da zai kira zaman. Wanda ke son samfurin takardar ya same mu bayan taro.

Allah ya ba mu damina mai albarka.