Gaisuwa Kafin Ciniki: Matakin Farko a Harshen Rukiga

 Yau za mu leƙa kudu maso yammacin Yuganda, yankin Kigezi mai tsaunuka, inda garin Kabale yake kusa da iyakar Ruwanda. Mutanen wurin su ne Bakiga, harshensu kuma Rukiga, ɗan'uwan Runyankore na kusa, har masu jin ɗaya kan fahimci ɗayan. Abin da nake son mu yarda da shi yau shi ne, mai koyon wannan harshe ya fara da gaisuwa, ya bar lissafin kuɗi ya biyo baya.

Dalilina yana cikin kalmomin kansu. Da safe ana cewa "Oraire ota?", wato yaya ka kwana, a amsa da "Ndaire gye", na kwana lafiya. Rana ta yi, sai "Osiibire ota?", yaya ka wuni. Kun ji ko? Ina kwana da ina wuni ke nan, ba ragi ba ƙari. Ashe Bahaushe ya riga ya san tsarin tun yana goye, furuci kawai zai sauya. Akwai kuma "Agandi?", gajeriyar tambayar labari da ta dace da kowane lokaci. Mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Kabale, abin da suke kira "emondi", idan ka gaishe ta haka ka zama baƙon da ya san mutunci. Daga nan ne za ka ce "Ninyenda emondi", ina son dankali, ka tambayi farashi da "Ni zingahi?", nawa ne. In an sallama maka, ka ce "Webare munonga", na gode ƙwarai.

Wani zai ce, ai Turanci harshen hukuma ne a Yuganda, me ya kawo wahala? Gaskiya ne, a ofis da otal zai fisshe ka. Amma dattijuwar da ta sauko daga gonarta ta gefen tafkin Bunyonyi da kaya a ka, ba lallai ta ji shi ba, in ma ta ji, ba da shi take raha ba. Wani kuma tsoron kuskure ke hana shi buɗe baki, don Rukiga na da karin sauti da dogon wasali. To, Hausa ma tana da duka biyun, kunnen da ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo ba zai sha wuya ba. Lambobi kam sai a hankali, domin sukan sauya kama gwargwadon abin da ake ƙirgawa, kuma kafin su zauna a baki yatsu da takardar shilin za su yi maka aikinsu.