Buhun Wake da Kundin Bincike

Manoman wake a Kano da Maraɗi sun san buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In aka ɗaure bakin kowanne tamau, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu, wake ya yi watanni garau ba tare da an barbaɗa masa guba ba.

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro wannan dabara tare da masu bincike a arewacin Kamaru. Daga shekarar 2007 aka bazu da ita ƙauyuka, cibiyar bincike ta INRAN da ke Nijar ta sa hannu, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga ƙera buhunan. Manomi ya samu damar riƙe wakensa har farashi ya tashi, dillalai suka samu abin sayarwa.

Wannan bincike ya kai ga masana'anta da manoma, amma abin takaici, wasu kundayen bincike da yawa suna jibge a ɗakunan karatun jami'o'inmu, masu masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano ba su san da su ba. Ya kamata ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Zariya su riƙa taƙaita sakamakon bincike da Hausa, su aika wa ƙungiyoyin 'yan kasuwa da gidajen rediyo.