Kayan Binin da Takardunmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta malamai. Iyayenmu dattawa, 'yan kwamiti, abokan sana'a, iyaye mata da ke can baya, da samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, kwamiti ne ya ɗora mana wannan magana, ba don mun fi kowa sani ba. Mu 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, kuma galibin abin da za mu faɗa yaranmu ne suka nuna mana a waya, sa'an nan muka bi muka tambayi waɗanda suka sani. Maganar kuwa ta masu masaukinmu ce, watau mutanen Binin, da yadda aka tattara labarin kayansu da suka warwatsu a duniya. Daga nan za mu juyo kan namu, domin can ne maganar ta nufa.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya ji ana zancen 1897. A watan Janairu na shekarar aka far wa tawagar wani jami'in Ingila mai suna James Phillips a hanyarsa ta shigowa gari, aka kashe shi da mafi yawan mutanensa. A watan Fabrairu sai Ingila ta turo runduna ta kimanin mutum 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson. Suka ci garin, wuta ta cinye fada, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa. Oba Ovonramwen kuma aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. Kayan nan aka yi ta sayar da su a Landan, wasu suka tafi Jamus, wasu Amurka, wasu suka shige gidajen sojojin da suka kwaso su.

Akwai wani abu da ba ma so mu tsallake, ko da yake ba shi da daɗin ji. A cikin rundunar akwai sojoji baƙar fata waɗanda Turawa suka rubuta da sunan Hausawa. Tun 1863 Turawan Ikko suka fara ɗaukar irin waɗannan sojoji, da yawansu bayi ne da suka gudo, kuma duk wanda ya ji Hausa a bariki Bahaushe ake ce masa. Ko ma dai yaya ne, sunanmu yana cikin labarin. Saboda haka in maƙwabcinka ya ɗauko zancen, kada ka ce ba ruwanka. Mu ba ma ƙera mutum-mutumi, addininmu bai ba mu wannan ba. Amma addinin nan dai shi ya koya mana cewa abin da aka ƙwace da ƙarfi bai zama halal ga wanda ya ƙwata ba, komai daɗewa.

To, shekara da shekaru mutanen Binin suna neman kayansu. Lokacin bikin FESTAC na 1977 Nijeriya ta nemi aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia daga babban gidan adana kayan tarihi na Landan, aka hana, sai da aka sassaƙa wata a nan gida. Manyanmu za su tuna da ita, ita ce a bayan tsohuwar takardar naira ɗaya. Amma ban da ƙin bayarwa, akwai wata matsala da mu 'yan kasuwa muka fi kowa ganewa: ba wanda ya san iyakar kayan. Wanda zai bi bashi alhali bai san nawa ne ba, bai kuma san hannun wa yake ba, ai wahala kawai zai sha.

Wannan giɓi ne aka zo aka cike da wani aiki da ake kira Digital Benin. Gidan adana kayan tarihi na birnin Hambag a Jamus ne ya riƙe ragamar aikin, wata gidauniya ta Jamus ta sa kuɗin farko, aka fara a 2020. Ba Turawa kaɗai suka yi ba. Farfesa Kokunre Agbontaen-Eghafona ta Jami'ar Binin tana cikin shugabannin aikin, kuma akwai masu bincike 'yan garin nan. Suka rubuta wa gidajen adana kaya na ƙasa da ƙasa, kowa ya buɗe littafinsa ya faɗi abin da ke hannunsa, da hotonsa, da ta inda ya same shi. Da aka buɗe rumbun a intanet a watan Nuwamba na 2022, an haɗa bayanin kaya 5,246 daga gidaje 131 a ƙasashe 20. Gidan Landan kaɗai yana da sama da 900, na Balin sama da 500.

Jama'a, ku dubi wahalar abin. Wannan gida ya rubuta nasa da Ingilishi, wancan da Jamusanci, wani da Faransanci. Abu ɗaya sai ka tarar kowane gida da sunan da ya laƙaba masa. Kamar dai a ce hatsi ya zo daga kasuwa goma, kowace da nata mudu. Sai da aka zauna aka daidaita awon tukuna lissafi ya fito. Abin da ya fi burge mu shi ne, da aka zo sa suna, ba a tsaya kan na Turawa ba. An koma wurin dattawan Binin da maƙeran Titin Igun, aka rubuta sunan kowane irin kaya da harshen Edo, da amfanin da ake yi da shi a fada, har aka ɗauki muryoyinsu. Yanzu ɗan makaranta a garin nan yana iya ganin abin da kakansa ya ƙera, ko da abin yana kulle a Shikago.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Hoto ba shi ne kaya ba. Wanda aka ɗauke wa saniya aka ba shi hotonta bai sha nono ba. Mayar da kayan aiki ne na gwamnatoci da fada, kuma an ɗan taɓa. A 2021 wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij ta mayar da zakaran tagulla. A watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu ta sallama wa Nijeriya mallakar kaya sama da 1,000. A 2023 Shugaba Buhari ya ba da sanarwa cewa Oba ne mai kayan da aka dawo da su. A 2025 ƙasar Holan ta dawo da guda 119. Wasu kuwa har yau sun ƙi. Amma bambancin shi ne yanzu lissafi a fili yake. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa abu kaza yana wurinsa, gobe ba zai ce bai san zancen ba.

To, yanzu mu juyo gida. Mu ba a zo da bindiga an kwashe mana tagulla ba. Dukiyar tarihinmu takarda ce, kuma ita ma a warwatse take, don mu mutanen tafiya ne. Ga misali biyu.

Akwai Malam Umaru Falke na Kano, malami kuma ɗan kasuwa irinmu, sunan ma ya nuna. Ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa, sama da 3,000, na Larabci da na ajami, suna ajiye a Jami'ar Northwestern kusa da Shikago a Amurka. Akwai kuma Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Karaci a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta wa wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich bayanin rayuwar Hausawa da ajami, kuma akwai rubuce-rubucensa a Jami'ar Gana da ke Legon. Ku lura, mutumin zango ne kamarmu. Da ba a adana rubutunsa ba, da yau ba wanda zai ambace shi a wannan taro.

Waɗannan sun yi sa'a, takardunsu sun faɗa hannun masu ajiya. Namu fa? Mu da muke magana mun ga abin da idonmu. Shekarun baya wani dattijon malami ya rasu a unguwar nan, Allah ya jiƙansa. Ya bar adaka guda cike da takardu. 'Ya'yansa suka tura ta ƙarƙashin gado don girmamawa, ba wanda ya taɓa. Bayan damina uku aka kira mu a buɗe. Wallahi abin da muka tarar ya sa mu hawaye. Laima ta manne takardun sun zama kamar ƙosai, gara ta gama da na ƙasa. Daga ɗan abin da ya tsira muka karanta rabin wata wasiƙa ta ajami, wani maigida yana sanar da an turo shanu, da sunan wanda ya rako su, da sunan wanda zai karɓa. Rabin da ke ɗauke da shekara ya tafi. Ƙasar nan ba kamar Arewa ba ce. A can takarda tana shekara 100 a cikin gafaka ba abin da ya same ta. A nan ruwa ba ya ɗaga ƙafa.

Wani zai ce, to mene ne a cikin tsohuwar wasiƙar shanu? Akwai abu babba. Sau nawa ake ce mana baƙi, jiya muka zo? Sau nawa rigimar fili ko ta rumfar kasuwa ta taso, aka ce mu kawo shaida, muka tsaya muna cewa kakanninmu sun faɗa mana? Takardar da ta nuna wane ya sauka a nan shekara kaza, Oba ko hakiminsa ya ba shi wuri, ya yi ciniki da wane cikin amana, ta fi dogon bayani. Ban da haka, ga yaranmu. Da yawansu buroka ta fi Hausa sauƙi a bakinsu, ajami kuwa sai dai su ce Larabci ne. In masu iya karantawa suka ƙare, takardar ko ta tsira ta zama bebiya.

Saboda haka ga abin da muke roƙon wannan taro ya amince da shi.

Na farko, a naɗa mutum biyar, malamai biyu masu karanta ajami, dattijo ɗaya da ya san gidaje, da samari biyu masu iya waya da kwamfuta. Su bi gida gida. Ba za su karɓi takardar kowa ba. A gabanka za a buɗe, a ɗauki hoto, a mayar maka da abinka. Haka manyan ma suke yi. Babban ɗakin karatu na Ingila yana da wani shiri tun 2004 na ceton takardun da ke cikin haɗari, ya yi aiki a Nijeriya, kuma ƙa'idarsa ita ce asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka.

Na biyu, mai takarda shi ke da iko. Littafin bashi, takardar gado, sirrin iyali, da abin da malamai suka ce ba na kowa da kowa ba ne, ba za a fitar ba sai da yardar masu shi. Mun san halin intanet, abin da ya shiga ba ya fitowa. Wanda ya ce a rubuta cewa takardar tana nan amma kada a nuna cikinta, an karɓa.

Na uku, kuma shi ne darasin da muka ɗauko daga masu masaukinmu, kada mu yi mu kaɗai. Wasiƙar da aka rubuta daga nan tana Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Shagamu, ko zangon Kumasi. Amsarta ce take wurinmu. Kowa rabi gare shi. Muna roƙon Sarki ya sa a rubuta wa sarakunan Hausawa na waɗannan wurare, a yarda da mudu ɗaya tun farko: wa ya rubuta, a wane gari, wace shekara, a kan me, kuma yanzu tana hannun wa. In an tara abin da ya taru, sai mu nemi shawarar masana, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Jami'ar Ibadan da ta daɗe tana tattara rubutun Larabci. Da lissafinmu a hannu za mu je, ba hannu rabbana ba.

Abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kuɗin mota ne, da na kati, da ɗan abin da za a sa wa samarin a aljihu. Mu 'yan layinmu na kasuwa mun ɗauki nauyin wata uku na farko. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne yarda, a buɗe adaka a gaban wanda ba ɗan gida ba. Gidaje 131 da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, wasu ma suna jin kunyar yadda kayan suka zo hannunsu, sun buɗe littattafansu. Mu da muke sahu ɗaya a masallaci bai kamata ya gagare mu ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka san inda kowace tsohuwar jaka take. Muna roƙo, kafin ruwan bana ya sauka, a fito da su a sha iska. Wanda ke da takarda a gida ya ba sakatare sunansa kafin a watse.

In mun yi kuskure a gafarce mu, malamai su gyara. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sari wannan wuri, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu ciniki na halal. Amin.