Guraben Oksijin Cikin Tangaran Mai Ajiye Lantarki



Jawabina na yau a kan kafasita ne, wato ɗan ƙanƙanen abin nan da ke ajiye cajin lantarki cikin rediyo da wayar hannu da injin mota. Mafi yawansu da tangaran ake yin su, kuma sarkin wannan tangaran shi ne bariyam taitanet, wanda masana a Amurka da Rasha da Japan suka gano ƙarfinsa, kowa daban, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ya barin lantarki ya ratsa shi, amma yana iya ajiye caji fiye da iska sau dubbai.

Ana gasa shi a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,000 ƙwarai. Da can, faladiyam ake shimfiɗawa tsakanin falle-fallensa, amma da farashinsa ya zarce dala 1,000 kowane oza a farkon 2001, sai masana'antu suka ƙara karkata ga nikel mai araha. Shi kuwa nikel, in ya haɗu da oksijin cikin wuta, lalacewa yake yi, don haka tilas a rage oksijin ɗin tanderu. Maginan tukwane sun san ɗan'uwan wannan al'amari: inda iska ta isa tukunya takan fito ja, inda hayaƙi ya turnuƙe ta sai ta yi baƙi. A tangaran ɗinmu, ƙarancin iskar yakan sa wasu ƙwayoyin oksijin su fice daga jerinsu, su bar gurbi.

To, gurbin nan ba banza ba ne. Yana ɗauke da caji, kuma yana tafiya, domin duk lokacin da ƙwayar da ke maƙwabtaka da shi ta faɗa ciki, gurbin ya koma inda ta baro ke nan. Cikin sanyi da ƙyar yake motsi. In zafi ya kai digiri ɗaruruwa, sai ya riƙa tsalle a kai a kai.

Yaya ake gane shi, alhali ido ba ya ganinsa? Ana sa wa tangaran lantarki mai kai da komowa. In juyin a hankali ne, guraben sukan bi shi sau da ƙafa. In ya yi sauri ainun, ko gezau ba sa yi. Amma a tsakani akwai wani sauri inda suke ƙoƙarin bi suna makara, a nan ne ƙarfin lantarki ya fi salwanta ya zama zafi. Wannan jinkiri shi ne abin da Peter Debye ya shimfiɗa lissafinsa a littafinsa na 1929. Da an ƙara zafi, sai wurin hasarar ya matsa zuwa juyi mafi sauri, kuma daga wannan matsawa ake lissafa ƙarfin da gurbi ke buƙata kafin ya yi tsalle. Ga guraben oksijin yakan faɗo kusa da elektiron-bolt 1.

A ganina dai, wannan adadi shi kaɗai bai isa hujja ba, don kan iyakokin ƙwayoyin tangaran ma sukan haifar da jinkiri irinsa. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce a sake gasa abin cikin oksijin: in hasarar ta ragu, sa'an nan ta dawo bayan an gasa shi inda babu oksijin, to lalle guraben ne.

Ku da za ku riƙe ɗakunan injin gobe, ga inda abin ya shafe ku. Kafasitar da ta daɗe cikin zafi ƙarƙashin lantarki mai bin hanya ɗaya, gurabenta sukan yi ta rarrafe su taru a gefe guda, har ta soma yoyon lantarki, daga bisani ta mutu. Shi ya sa masu yin ta sukan sake gasa ta da ɗan oksijin a zafi mai sauƙi, kuma tun kafin gashin farko sukan zuba ƙwayoyin manganis da itiriyam ko disfurosiyam domin su rage yawan guraben, su kuma taka musu burki.