Sandar Ƙasa da Tsaron Rai



Wutar lantarkin da ke shiga gidajenmu a Birnin Kebbi da Argungu da Augie ƙarfinta bolt 230 ne. Idan ta zuba a jikin famfo ko firji, hanyar komawa taransifoma take nema. In wayar ƙasa ba ta ɗauke ta ba, sai ta bi ta jikin mutum, balle mai tsaye cikin danshin fadamar Rima.

Na'urar RCD tana yanke wuta da zarar abin da ya zuba ya kai miliamfiya 30. Sai dai maɓallin gwajinta ita kaɗai yake gwadawa, bai san lafiyar sandar da aka kafa a ƙasa ba. Wajibi ne a auna juriyar hanyar gaba ɗaya, da ma'auni mai sakin wuta kaɗan, domin kada na'urar ta katse awon. Juriyar sanda in ta haura om 200 ba abin dogaro ba ce, gama da rani ƙasa kan bushe, juriya ta ƙara hawa.

Mu da za mu sa hannu a takardun kwangila gobe, kada mu karɓi ginin makaranta ko asibiti sai mun ga wannan awo a rubuce.